Shekarar farko a Madina: aji, Harami da baƙin gida

Tun ban gama gane hanyar ajinmu ba, lambar wayata ta riga ta zagaye unguwarmu a Zariya. Duk wanda zai taso Umara sai a ce masa, "Ai akwai yaronmu a Jami'ar Musulunci, in ka sauka ka neme shi." Masu yi mini nasiha kafin tafiya Larabci da zafin gari suka yi ta ambata, kuma sun yi gaskiya, amma ni baƙi ne suka fi ba ni aiki.

Sai mutum ya san yadda yinin ɗalibi yake a nan kafin ya gane. Jami'ar, wadda aka kafa a 1961, tana karatu daga Lahadi zuwa Alhamis, tun da safe har azahar. Da yamma motocin makaranta su kwashe mu zuwa Harami, inda malamai ke zama a kujerunsu suna karantarwa tsakanin salloli, sai bayan isha'i a dawo. Da yawanmu wannan zaman na Masallacin Annabi ne ya kawo mu, fiye da takardar shaida. To bitar darasi da wanki da barci duk a ɗan abin da ya rage za ka cusa su. Ga kuma doka: wanda fashinsa ya wuce kashi 25 cikin 100 na darussan wani fanni, ba zai zauna jarrabawarsa ba. Maki 60 ne ci.

A cikin wannan matsin wani aminin mahaifina ya sauka. Na je otal na durƙusa na gaishe shi, ya buɗe jaka ya miƙo mini ƙullin Inna: kuka, daddawa, yaji da kilishi a cikin takarda. Ƙamshin kaɗai ya sa na manta akwai aji gobe. Ya ce, "Ɗana, ni fa ban san kowa ba a garin nan sai Allah sai kai." Me za ka ce wa dattijo? Muka je Ƙuba ya yi nafila, muka je Uhudu ya tsaya a gaban maƙabartar shahidai yana hawaye, muka biya Ƙiblataini. Na sa masa manhajar Nusuk a waya don ya samu izinin shiga Rauda. A kasuwar dabino ya ɗauki ajwa ɗaya bayan ɗaya yana latsawa, yana cewa in tambayi mai shago ko ta bana ce, sannan ya taya rabin kuɗi kamar muna Sabon Gari. Har ga Allah na ji daɗin kwanakin. Sai dai ranar da ya tashi, wata Hajiya ta sauka da ciwon ƙafa tana neman wanda zai yi mata tafinta a kantin magani, bayanta kuma wasu na hanya.

Wani ɗan Katsina da ke shirin kammala Kulliyar Hadisi ne ya ga ina gyangyaɗi a mota ya tambaye ni. Da na ba shi labari sai ya yi dariya, ya ce, "Malam, baƙon Manzon Allah ba a ƙin sa, amma shi mako guda zai yi ya tafi, kai shekaru za ka yi. Ba shi lokaci, kar ka ba shi ajinka." Tsarinsa na ɗauka. Ziyara ranar Asabar da safe, in haɗa duk baƙin makon a mota ɗaya. Gaisuwa da ƙananan buƙatu bayan sallar magariba, a ƙofa ɗaya ta Harami da kowa ya san lambarta. Wanda ba zai iya jira ba, in haɗa shi da direba cikin Hausawan garin, irin waɗanda kakanninsu suka zo Hajji ta Sudan suka zauna. Sun fi ni sanin lungu, kuma sana'arsu ce. Abin mamaki, dattawan ba su ji haushi ba; da na ce ina da darasi, su ne masu cewa maza in tafi. Matasa ne suka fi ƙorafi.

Yawon nan bai tafi a banza ba. Larabcin aji daban, na tasi da kanti daban, kuma na biyun a bakin masu dabino na koye shi. Na aji kuwa ɗan ɗakina ɗan Indunusiya ne ya gyara mini shi, don ba mu da wani harshe a tsakaninmu. Na ga waɗanda daga aji sai ɗakin 'yan gida, a tuƙa tuwo a yi ta hira da Hausa har dare; shekara ta ƙare suna karanta littafi tiryan-tiryan amma in malami ya jefo tambaya sai kame-kame. Tuwon ban bar shi ba, na dai mayar da shi na daren Juma'a.

Saura saƙo. Kuɗin wata da ake ba ɗalibi yana isar sa abinci da littattafai in ya iya tattali, amma a gida ana ɗauka riyal muke shara. Wannan jallabiya, wancan turare, waccan abaya "mai kyau amma ba mai tsada ba", kuɗin kuma sai ka dawo. Yanzu amsata ɗaya ce ga kowa, har yayyena: a turo kuɗin tukuna, a kuma faɗi wanda zai ɗauko kayan, don jakata ta hutu littattafai ne a ciki.