Tashar Modjo: tashar jirgin ruwa a ƙasar da babu teku

Duk wanda yake son ya gane yadda tashar tsandauri, wato tashar kwantenonin jirgin ruwa da ake ginawa nesa da teku, take aiki ya duba ta Modjo a Habasha, ni dai ita ce ta fi burge ni, don su ba don kwalliya suka gina ta ba, tilas ce ta sa. Habasha ta rasa bakin teku a 1993 da Eritriya ta ɓalle, sannan yaƙin da ya ɓarke tsakaninsu a 1998 ya rufe mata tashar Assab gaba ɗaya, sai kusan komai ya koma bi ta Jibuti, sama da kashi 90 cikin ɗari na kayan da ƙasar ke shigowa da su da wanda take fitarwa. To kuma duk kwanan da kwantena ta ƙara a Jibuti da dala ake biya, ƙasar kuwa dama dalar ce ke mata wuya.

Shi ya sa a 2009 aka buɗe Modjo, kilomita saba'in da 'yan kai daga Addis Ababa. Dabarar mai sauƙi ce: in jirgin ruwa ya sauke kwantena a Jibuti ba a tsaya buɗe ta a can, da hatiminta ake ɗauko ta a kawo Modjo, a nan kwastam za su duba takardu su duba kaya, mai kaya ya biya haraji a ƙasarsa da kuɗin ƙasarsa ya kawo mota ya kwashe. Takarda ɗaya ce ke raka kayan tun daga inda aka yi lodi har nan, kuma wannan takardar ita ce ta mai da wajen tasha, ban da ita ai fili ne kawai da katanga da injinan ɗaga kaya.

Da farko tireloli ne ke ta jigilar, tafiyar da kan ci kwana uku, ga zafin hanya ga lalacewar mota ga layi a kan iyaka. Sai aka shimfiɗa sabon layin dogo mai amfani da lantarki daga Addis Ababa zuwa Jibuti, kilomita ɗari bakwai da hamsin da wani abu, kamfanonin Sin ne suka yi aikin, ya fara ɗaukar kaya da fasinja a Janairun 2018, kuma ya biyo ta Modjo. Lissafin da aka yi shi ne tafiyar ta dawo wajen awa 12. Bankin Duniya ma ya ba da dala miliyan 150 a 2017 don faɗaɗa tashar da gyara harkar.

Amma fa abin da nake so mutane su gane, layin dogo kaɗai ba ya raya tasha, jirgin da yake zuwa kan lokaci shi ke raya ta. Wannan layin ya sha fama da ɗaukewar wuta, ya sha fama da raƙuma da dabbobi da ke hawa kan hanya har dole aka riƙa rage gudu, kuma ɗan kasuwa in bai tabbatar da ranar da kayansa za su iso ba wallahi komawa tirela zai yi ko da ta fi tsada, tunda shi ma akwai masu jiransa. Ku duba tashar tsandauri ta Greer a Amurka, wadda aka buɗe a 2013, mil 212 daga tashar jiragen ruwa ta Charleston, jirgin ƙasan kamfanin Norfolk Southern ke ɗauko kwantena cikin dare gari na wayewa sun iso, ga masana'antar motoci ta BMW a kusa tana cika taragai da kaya. Nan ne ƙarfinta yake.

Sai matsalar da ta fi ci min rai, wato kwantena ta zo cike ta koma ba komai. Habasha na shigo da kaya fiye da yadda take fitarwa nesa ba kusa ba, kuma komawar fanko ɗin ma sai an biya kuɗinta, a ƙarshe kan mai sayen kaya a kasuwa yake faɗawa. Ga kuma masu kayan da ke barin kwantena ta yi makonni a Modjo sabida kuɗin haraji bai haɗu ba, ko sun ga ajiya a nan ta fi musu araha, sai fili ya cika maƙil, wanda ya shirya ɗaukar nasa yau ya rasa ta inda za a zaro masa. Shi ya sa a ganina ɓangaren faɗaɗawar da ya fi muhimmanci shi ne na fitar da kaya, a samu manyan sito inda za a tara kofi da riɗi da fatu da tufafin masana'antu a cusa su a kwantena tun daga Modjo, kwastam su gama da su a nan, jirgin da ya kawo kaya ya juya Jibuti da lodi.