Inda na kai a koyon sayar da hotuna ta intanet: lissafin senti goma

'Yan'uwa masu koyon wannan sana'a, a zangon da ya wuce na rage ɗaukar sababbin hotuna, na mayar da hankali ga lissafin abin da tsofaffin suke kawowa, domin na lura cewa yawancinmu muna ƙwarewa a gyaran haske da launi tun kafin mu iya karanta bayanin biyan da kamfanonin rumbun hotuna suke nuna mana.

Abu na farko da ya zauna mini daram shi ne, ba hoton ake saya ba, izinin amfani da shi ake saya, wato lasisi. A tsarin da ya fi yawa yanzu, mai saye yana biya sau ɗaya, sannan ya yi ta amfani da hoton a talla ko mujalla ko shafin intanet tsawon shekaru ba tare da ya ƙara ko sisi ba. Daga wannan biya ɗaya tak ne ake cire wa mai hoto kasonsa. A cikin manyan kamfanonin rumbun hotuna, Adobe Stock yana ba da kashi 33 cikin ɗari a kan hoto. iStock yana ba da kashi 15 ga wanda bai keɓe masa hotunansa shi kaɗai ba. Shi kuwa Shutterstock, tun watan Yunin 2020 ya koma tsarin matakai shida, daga kashi 15 zuwa kashi 40, gwargwadon yawan hotunan mutum da aka sauke a shekara, kuma duk ranar ɗaya ga Janairu kowa yana komawa matakin farko, komai nisan da ya yi a bara. Mafi ƙanƙantar biya a wannan tsari senti 10 ne, alhali kafin sauyin sabon shiga yana samun senti 25.

Amma tambayar da ta fi cin lokacina ita ce: kashi nawa na nawa? Babban kamfanin talla ba ya sayen hoto ɗai-ɗai, yana biyan kuɗin wata ne a dunƙule ya sauke hotuna ɗaruruwa, saboda haka idan aka raba kuɗin a kan yawan hotunan, abin da ya faɗo kan kowane hoto ya riga ya ƙanƙance tun kafin a zo rabo. Kashi 40 na ɗan abu ɗan abu ne. Idan kowace saukewa senti 10 ce, sai an sauke hotunanka sau dubu kafin ka haɗa dala 100, kuma mai hoto ba shi da bakin magana a kan farashin da aka sayar ko rangwamen da aka yi wa mai saye. A ganina nan rashin adalcin ya fi tsanani, fiye da ƙanƙantar kason kansa, domin mai kaya ne ya kamata a ce yana da ta cewa a kan mafi ƙarancin kuɗin da za a sallama kayansa.

Sai dai ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya, wannan arahar ce ta buɗe wa irinmu ƙofa. Lokacin da aka kafa iStockphoto, wato iStock na yanzu, a Kanada a shekarar 2000, wanda babban kamfanin hotuna Getty Images ya saya a 2006 a kan dala miliyan 50, shi ne masu kyamara na sha'awa suka fara samun shiga kasuwar da a da ƙwararru kaɗai ke ci. Da muka yi yawa, hotuna suka yi yawa, farashi ya faɗi. Daga baya rumbunan kyauta suka shigo: Canva, kamfanin manhajar zane, ya sayi Pexels da Pixabay a 2019, Getty ya sayi Unsplash a 2021. A Disambar 2022 Adobe Stock ya fara karɓar hotunan da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, sannan a Janairun 2025 Getty da Shutterstock suka sanar da shirin haɗewa, wanda ke nufin ƙofofin da za mu iya ƙwanƙwasawa suna raguwa.

Nakan ji ana cewa da babu gara ba daɗi, tun da hoton yana kwance a kwamfuta. Na yarda da wannan a kan wasu hotuna, ban yarda da shi a kan duka ba. Shi ya sa yanzu nake rubuta lokacin da kowane hoto ya ci, daga ɗauka zuwa tantancewa, zuwa gyara, zuwa rubuta kalmomin da mai nema zai gano shi da su, wanda shi ne aikin da ya fi gajiyarwa kuma ba a cika lissafa shi ba. Hoton da kowa zai iya ɗauka, kamar gajimare ko fure ko bango, ina ɗora shi a rumbunan araha ba tare da damuwa ba. Hoton da ya ci wahala kuwa, musamman na mutane a bakin aikinsu na gaske, wanda sai da na nemi yardarsu suka sa hannu a takardar amincewa, ina riƙe shi don mai saye kai tsaye, kuma farashinsa ya danganta da irin amfanin da za a yi da shi, da tsawon lokaci, da faɗin yankin da za a baza shi, da kuma ko mai sayen yana so a hana wasu amfani da shi.

Akwai Stocksy, ƙungiyar haɗin gwiwa ta masu hoto da ta fara aiki a 2013, wadda ke ba da rabin kuɗin lasisi na yau da kullum da kashi 75 a kan lasisi mai faɗi, wato wanda ke ba mai saye ƙarin damar amfani da hoton, amma tana tantance masu shiga sosai kuma tana son a sayar da hoton a wurinta ita kaɗai. Hotunana ba su kai can ba tukuna. Aikin zango mai zuwa shi ne in haɗa jerin hotuna a kan sana'a guda, masu haske da launi iri ɗaya, kowane da takardar amincewarsa, sannan in rubuta takardar lasisi mai shafi ɗaya wadda mai saye zai karanta ya gane ba sai an yi masa bayani ba.