Muryoyi uku da ganga: gwajin tsara kiɗa a kan na'urar NES

Masu cewa kiɗan wasan bidiyo "tit-tit" ne kawai na rage shiru, yawancinsu ba su taɓa gwada tsara shi ba. Ni na gwada. Na ɗauki manhajar FamiTracker, wadda ke kwaikwayon sautin NES, tsohuwar na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Nintendo, na tsara kiɗan minti ɗaya bisa ƙa'idojin da makaɗan shekarun 1980 suka yi aiki da su.

Guntun lantarkin da ke fitar da sautin a cikin na'urar, Ricoh 2A03, muryoyi biyar gare shi. Biyu masu kaifi ne, igiyar sautinsu mai kusurwa huɗu. Ɗaya mai kusurwa uku ce, mai kauri. Ta huɗu "shuu" kawai take yi, da ita ake ganga. Ta biyar tana kunna gajeren sautin da aka naɗa, amma tana cin wuri a kaset, sai na ajiye ta. Ke nan amo uku kacal za su iya tashi a lokaci guda.

Kuskurena na farko a kan mai kusurwa uku ne. Na so ta riƙa lafawa a hankali, ashe ba a rage mata ƙarfi: ko tana kunne ko tana kashe. Dabarar ita ce a datse kowane amo kafin na gaba ya shigo, ɗan shirun nan shi ke ba ta tafiya. Masu kaifin kuwa suna da matakan ƙarfi 16, daga 0 zuwa 15, da faɗin igiya iri huɗu: kashi 12.5, 25, 50 da 75. Ga mai sauraro 25 da 75 ɗaya suke, don haka launi uku ne a hannunka.

Inda aikin ya fi daɗi shi ne yaudarar kunne. In kana son amo uku su haɗu amma murya ɗaya ta rage, sai ka sa ta riƙa tsalle tsakaninsu sau 60 a daƙiƙa, kunne ya ji su a dunƙule. Amsa-kuwwa kuma, na kwafi karin murya ta farko zuwa ta biyu, na jinkirta shi layi uku a jadawalin manhajar, ta farko a ƙarfi 12, ta biyu a 4. Nan take kiɗan ya yi faɗi. Sai dai wannan ado ya cinye murya guda sukutum, babu sauran mai yi wa karin rakiya. Kowace ƙawa da kuɗinta.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne ƙarar tsalle da ta harbi su ma daga muryoyin nan suke fita. Ɗan wasa na danna maɓalli, sai a ƙwace murya ɗaya na ɗan lokaci. Na kashe murya ta biyu don gwaji, kiɗan nawa ya watse, domin a wasu wurare na raba karin tsakanin masu kaifin biyu. Dole na sake tsara shi yadda zai tsaya da ƙafarsa ko an cire masa ɗaya.

Sai maimaici. Kiɗan fim sau ɗaya ake jin sa, wannan kuwa zai zagayo sau ɗari ana fama da mataki guda. In ƙarshensa ya sauka daram, mai sauraro zai ji ɗinkin, ya gaji da wuri. Na bar amon ƙarshe a rataye, farkon kiɗan ya zama amsarsa.

Bayan haka ne na koma na saurari aikin makaɗi Koji Kondo a Super Mario Bros. na 1985, wasan da gaba ɗayansa kilobayit 40 ne, ina kashe muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Ban yi mamaki ba da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa babban kiɗan wasan cikin rajistar sautukan tarihi a 2023. Murya mai kaurin nan, ko ita kaɗai aka bari, tana da nata karin da za ka iya rerawa.