Lahadi, hanyar Agadir

A nan rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, saboda haka alwashin da Baban Ummi ya sha jiya cewa da duku-duku za mu kama hanya ya tashi a banza. Asuba ma sai bayan ƙarfe bakwai muka yi ta. Yara suka koma cikin bargo, shi ma ya bi su. Ni na sauka na sayo burodi da zafinsa. Iskar Assawira ta Maroko kuwa ba a magana, tun da muka iso ba ta huta ba, hijabina sai da na riƙe shi da hannu biyu.

Kafin mu fita gari mun leƙa bakin tashar masunta. Kwale-kwale shuɗaye jere reras, ƙarnin kifi, kyanwoyi sun ƙoshi har ba sa kallon mutum. Ana gasa sadin a kan gawayi, na ce wa Ummi ga 'yan uwan Titus ɗin da muke dambe a kansa a makarantar kwana, don daga ƙasar nan ake kai mana shi. Ta yatsine fuska. Abba ya haye tsofaffin igwa da ke kan ganuwa, mahaifinsa na binsa da lacca: Sarki Sidi Muhammad bin Abdullahi ne ya gina garin a shekarun 1760, ya ɗauko injiniya Bafaranshe ya zana masa tituna, kuma nan ne ayarin Tumbuktu ke sauke gashin jimina da ƙaro da hauren giwa a loda wa jiragen Turawa. Ni ce kaɗai ɗalibar da ta saurara. Kullum haka ne.

Daga Assawira zuwa Agadir kilomita 175 ne ko kusa da haka, amma hanyar ta ƙi miƙewa. Kwana bayan kwana, hawa da gangara, ga manyan motoci da ba sa ba da hannu. Da farko ma ba a ganin tekun, sai duwatsu da itatuwan argan, gajeru masu ƙaya, awaki a ƙarƙashinsu, wasu a kan rassa. Waɗannan da ƙafarsu suka hau. Na hanyar Marrakesh ne ake cewa ɗora su ake yi don masu yawon buɗe ido su biya kuɗin hoto.

Kusa da Tamanar muka tsaya wajen wasu mata masu sarrafa man argan. Suna zaune a ƙasa, kowacce da dutse a gabanta da wani a hannu, ƙwas, ƙwas, suna fasa ƙwallon suna hira, idonsu ko kallon hannun ba ya yi. Suka ba mu amlu, wato man argan da almon da zuma a niƙe tare, muka dangwala da burodi. Abba ya kusa cinye na mutane. Na sayi kwalba biyu na man shafawa, ɗaya tawa, ɗaya ta Hajiya, mahaifiyata, saboda gwiwarta. Ku riƙe wannan, tun kafin azahar na saya.

A Tamri ne abin ya faru. Hanya ta gangaro cikin wani kwari, kwatsam sai gonakin ayaba kore shar, an rataye nononta a kowace rumfa a bakin titi. Ƙanana ce, ga zaƙi. Muka saya, muka matsa gaba inda kogin ke shiga teku, muka faka. Yara sun ruga cikin yashi, ina ɓare ayaba, sai waya.

Kun san Hajiya ba ta kira. Ni nake kiranta duk Lahadi bayan la'asar, in kuma ta matsu sai ta sa Auta ya yi min filashin. Yau sunanta na gani ɓaro-ɓaro, ita da kanta, tun la'asar ba ta yi ba. Gabana ya faɗi, na ɗauka rasuwa aka yi.

Ba rasuwa ba ce. Muka gaisa kamar kullum. Ina wuni Hajiya, lafiya lau, ya maigidan naki, ya 'yan makaranta, ya sanyi. Ta ce su ma hunturu ya buɗe, hazo ya hana ganin gaba, ƙafarta duk ta tsage. Na ce Allah ya sawwaƙe, a riƙa shafa man kaɗe. Sannan ta yi ɗan shiru.

"Auta ya nuna min hoto a wayarsa. Wannan uban ruwa haka, ina ne?"

Na ce, "Maroko ce, Hajiya. Yara sun samu hutu, shi ne muka ɗan fito."

"Maroko ta su Shehu Tijjani?"

"Ita. Amma Fas tana can ciki, mu bakin teku muke bi."

"To madalla. Ashe kun tsallako." Ta sake yin shiru, ina jin rediyonta a gefe. "Da nisa daga nan zuwa Kano?"

Na ce da nisa sosai, Hajiya, hamada ce gaba ɗaya a tsakani. Ta ce, "Allah sarki. To a riƙe yaran da kyau, kar su shiga ruwan nan. Allah ya yi albarka." Ta miƙa wa Auta ya kashe.

Shi ke nan fa. Ba faɗa, ba ƙorafi, har da sa albarka. Amma ayabar da ke hannuna sai Abba na ba.

Da na faɗa wa Baban Ummi dariya ya yi. Wai da na ce mata a garin Zagora akwai allo da aka rubuta kwana 52 a raƙumi zuwa Tumbuktu, daga can kuma a fara lissafin Kano. Ya ce tambaya ta yi, tsohuwa ba ta san taswira ba, ta ji an ce Afirka ta ɗauka bayan gari ne. Har ya ciro waya ya auna min, ya haura kilomita 2,500 ko da tsuntsu ne. Na ce ka bar kilomita, ba ka san Hajiya ba. Matar da ta yi shekaru tana sayar da atamfa, wadda ta san jirgin Jidda awa nawa yake yi, ita ce ba ta san Maroko da nisa ba? Hajiya ba ta taɓa cewa "me ya sa ba ki zo ba". Ba ta iya ba, ko kuma ta fi ƙarfin hakan. Tambaya take ajiye miki a hankali, ta juya ta tafi, ke ki kwana da ita. Haka ta yi wa Yaya lokacin da ya sayi mota kafin ya gyara rufin ɗakinta: "Wannan tana shan mai da yawa?" Sati bai zagayo ba aka kawo kwano.

Daga Tamri har Tagazut ina ta shirya amsoshin da ba wanda ya tambaye ni. Kuma wajen ne hanyar ta fi kyau, teku a dama, dutse a hagu, hasumiyar fitilar jiragen ruwa a Kap Gir, igiyar ruwa na dukan duwatsu tana tashi fari fat. Ummi na ta "Mama duba, Mama duba". Ina dubawa, ina lissafi.

Amsa ta farko kuɗi ce, kuma gaskiya ce. Abin da tikitin mutum ɗaya zai ci daga Tulus ta Faransa, inda muke zaune, zuwa Kano a watan Disamba ya kusa ɗaukar mu huɗu zuwa Tanja da dawowa. Tikiti kuma shi ne ƙarami. Ba a shiga gida hannu rabbana. Akwai tsarabar Hajiya, ta su Gwaggo, ta dangin Baban Ummi har ƙauye, ta maƙwabta, ta wanda zai zo gaisuwa ya zauna har sai an sallame shi. Ga bukukuwa, don duk wanda ke da 'ya sai ya ajiye aurenta a ƙarshen shekara, kowane da ankonsa da gudummawarsa. Hutun makaranta mako biyu ne cak, rana guda ba a ƙara wa yaro a Faransa, sai ka sha takarda.

Amma ko da kuɗin sun samu, ni dai hutu nake so. Zuwa gida daɗi ne, amma ba hutu ba ne, kuma duk matar da ke aure a waje ta san haka ko ba ta faɗa ba. Daga filin jirgi ake fara rabon ki. Kwana kaza gidan miji, kwana kaza gidanku, an yi haihuwa ba ki je barka ba, an yi rasuwa tun bara sai kin je gaisuwa, wance ta yi fushi kin fara zuwa gidan wance. Yara na tari saboda ƙura, ke kina cikin a-daidaita-sahu daga Kurna zuwa Hotoro da leda a cinya. Mijin ma sai a jirgin dawowa za ki gan shi. Hajiyar da aka je dominta, in an tattara zaman da za mu yi ni da ita mu biyu, ba a fi wuni guda ba. A motar nan kuwa, tun daga Tanja, na ji muryar Ummi fiye da yadda na ji ta a zangon karatu gaba ɗaya. Na san sunan ƙawarta, na san wanda take jin haushi a aji. Baban Ummi ya ba ni labarin wahalar da yake sha a wajen aiki, abin da ya ɓoye tun bazara. Ban ga laifin da na yi ba, kuma ba zan ƙirƙiro shi don in samu abin tuba ba.

Sai dai Hajiya ba da hutun makaranta take lissafi ba. Da Sallah take yi, da azumi, da waɗanda suka rasu a layinsu. Duk kiran da za mu yi sai ta ambaci wata sa'arta da aka kai. Ba ta cewa komai a kai, suna kawai take faɗa da "Allah ya jiƙanta". Ni ina cewa sai dogon hutu, Yuli ko Agusta, kamar ni na rubuta wa kaina wa'adin. Wannan ne ya tsaya min a wuya, don duk amsoshin da na shirya ba wadda ta taɓa shi.

Ga kuma kwalbar man nan. Da safe tsaraba ce ta 'ya ga uwa. Yanzu in na aika, Yaya zai ce toshiyar baki ce, kuma Hajiya za ta karɓa ta ce "har da wahala haka", ni kuma in rasa inda zan sa kaina.

Auta kuwa zai gamu da ni. Na ce kar a sa hoto a zauren gida na WhatsApp, ba a sa ba. Ashe Baban Ummi ya ɗora a status. Mutum da digiri har uku.

Tagazut: Turawa da baƙaƙen kayan roba, kowa da allon hawan igiyar ruwa a hammata, suna shiga ruwan da ni ko yatsa ban iya sawa ba. Motocin kwana jere a bakin hanya, yawanci lambar Faransa da Jamus, tsofaffi sun gudo wa sanyin ƙasarsu suna shanya tawul. Abba ya jiƙe har ƙugu duk da gargaɗin kakarsa. Muka ci tajin na kifi, dahuwarsu ta tukunyar ƙasa, yaji bai ji ba, na zazzaga nawa na cikin jaka.

Magariba ta same mu a Awrir. Bayan an sallame sai mazan suka zauna suka ɗauki izu baki ɗaya, da murya ɗaya, kamar yadda suke yi kullum bayan asuba da magariba a ƙasar nan. Warshu suke karantawa, irin karatun Malam, Allah ya jiƙansa. Na ja Ummi na ce saurara, haka kakanki yake karatu. Ta ce ai ba haka malaminsu na Tulus yake ja ba. Na ce nasa Hafsu ne. Ta ce wanne ne daidai? Na ce duka. Ba ta gamsu ba, ta tafi tambayar babanta.

Mun shigo Agadir da dare. Gari sabo fil, tituna masu faɗi, babu tsohuwar unguwa irin ta Assawira, don girgizar ƙasar daren 29 ga Fabrairun 1960 ta rushe shi cikin daƙiƙu, cikin azumi, ta kashe mutum 12,000 zuwa 15,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen garin. A jikin dutsen da tsohuwar ganuwa take an rubuta Allah, Ƙasa, Sarki da Larabci, an haska da fitilu, daga ko'ina ana hangowa. Abba ne ya karanto mana, ya ci tukwicin dirhami biyar.

Yaya ya turo saƙon murya ɗazu. Dariya ce rabinsa, sannan "kin dai san Hajiya". Ya ce bayan ta ajiye waya ta sa Auta ya sake buɗe mata hotunan, ta daɗe a kan na Abba, ta ce yaron ya rame. Bai rame ba. Na ce Yaya ya tambayar min ko akwai mai zuwa Kano daga wajenmu a watan gobe, in ba shi saƙo. Ban ambaci mai ba.

Baban Ummi na so gobe mu zarce Tiznit, daga nan Lagzira, ya ga jan dutsen nan mai siffar baka da ya rage a bakin ruwa tunda ɗayan ya rufta a 2016. Ni na fi son mu kwana biyu a nan in wanke kaya, komai namu yashi ne da ƙarni. Ba mu gama magana ba ya yi barci.

Takalmin Abba ƙafa ɗaya ya ɓace, ina zargin Tagazut. Na ce da safe sai mu fara da babbar kasuwa, Suk al-Had, mai masauki ya ce ran Litinin a rufe take.