Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gawon Gonar Baffa

Makon jiya na tsaya a ranar da aka miƙo mini takardar ritaya, a 2011, bayan shekara 35 cif ina aikin safiyo. Na fara ne a shekarar da aka kashe Murtala. Yau ya kamata in shiga zancen aikin Hajjina, amma tun daren Talata gawon nan ya hana ni sakat, don haka ku yi haƙuri da ni.

Ina ɗan shekara 11 Baffa ya ritsa ni a bayan rumbu ina zana gawon gonarsa da gawayi a jikin kwalin sukari. Ya fizge, ya cusa a murhun Inna, ya ce, "Kai yaro, zane ba ya kai tuwo baki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Inna tana tuƙi, ko kai ba ta ɗago ba. Abin da ya fi ci mini rai, a shekarar nan shi da kansa ya biya mai zayyana ya ƙawata allon Yaya na sauka, har yana ɗagawa yana nuna wa baƙi. Allah Ya jiƙan Baffa, shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, ban manta ba. Amma kwalin nan ma ban manta ba.

Kuma zanen ne ya kai mini tuwo baki, da shi na aurar da yara bakwai. Sai dai zanen rula ne. Bayan dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filaye a hannun gwamna, aiki ya yi mana rubdugu. Wanda ya san Ɗorayi da Rijiyar Zaki da Kabuga a wancan lokaci ya san gonaki ne, dawa ta fi mutum tsawo, ɗorawa da rimi ko'ina. Ni na zauna a tebur na riƙa yanka su filoti-filoti, ƙafa 50 a 100. A takardarmu bishiya ba ta da gurbi, sai layi da lamba. Ranar da awo ya iso gonar Baffa, shi ya daɗe a ƙasa, titi ya faɗa daidai kan gawon. Na roƙi ogana a karkata layin ko da taku goma ne. Ya dube ni ya ce, "Malam, itace ne fa." Da hannuna na ja layin.

Shi ya sa da na karɓi kuɗin sallama, kafin in gyara rufin ɗakin Hajiya, na wuce Sabon Gari na sayo fentin ruwa da burushi. Ta ce, "Alhaji, da girmanka?" Na ce da girmana. Ban fara ba sai da na tambayi limamin unguwarmu, don ba na son abin da zai taɓa mini addini. Ya kawo mini maganar Ibn Abbas ga wani mai sana'ar hoto, cewa in ya zama dole ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Nan na kama. Har yau babu mutum ko dabba a zanena, ko balbela ba na sawa.

In na sallame asuba nakan hau Dala, a hankali, ina hutawa. Daga can kana hangen Goron Dutse da koriyar ƙubbar babban masallaci, da ragowar badala inda ba a cinye ta ba. Hazon hunturu shi ya fi ba ni wuya. Shekara biyu ina zuba farin fenti, yana fita kamar hayaƙi, kafin in gane akwai ja a cikinsa. Yanzu jar ƙasa nake daka wa lukui, in tace, in kwaɓa da ƙaro, don fentin ruwan kanti ma da ƙaro ake haɗa shi. Shuɗin sama kuwa wani marini a Ƙofar Mata ya sammini baba, na jarraba, ya yi mini daidai da sararin bayan la'asar a ƙarshen damina. Na je Tiga sau uku don in koyi ruwa. Dam ɗin nan da aka gama a 1974, zamanin Audu Bako, ina saurayi muka je kallonsa a bayan akori-kura. Ruwa bai ba ni haɗin kai ba tukuna.

Gawon dai. Na farko da na kammala, wani yaro ɗan jami'a, abokin Auta, ya tsaya gabansa ya ce, "Baba, an yi kuskure, gero shar amma bishiya a bushe." Na zaunar da shi. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake tofo. Shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zuba taki ne, 'ya'yansa kuma abincin tumaki lokacin da ciyawa ta ƙare. Wa ya koya mini wannan? Baffa, a gindin gawon, yana gyara ƙotar fartanya. Ya san bishiyar nan ciki da bai, ya hango komai nata, amma bai hango yaron da ke son ajiye kamanninta ba. Da bai ƙona kwalin ba, da yau ina da shaida.

Domin matsalata ke nan. Sau tara na zana shi, kuma na kasa tuna ɓangaren da babban reshen ya karkata. Ni ina ganin gabas, wajen rijiya. Yaya kafin ya rasu ya ce yamma, amma Yaya bai taɓa son gona ba. Saura Gwaggo kaɗai a cikin waɗanda suka ci tuwo a gindinsa, idonta ya yi rauni, hankalinta kuwa garau. Na naɗe na taran a cikin zani, Juma'a in an sauko zan kai mata Gwale. Zancen Hajji sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.