Hasumiyar da ta bar wurinta: karatun tsofaffin taswirorin Hatteras

'Yan safiyo na Birnin Kebbi da Yauri masu son auna yadda ruwa ke cin ƙasa, ku leƙa tsibirin Hatteras na jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Siririn gungu ne na rairayi da ya tare teku, kuma an daɗe ana zana taswirarsa.

Aikin shi ne a ɗora tsohuwar taswira kan sabuwa a manhajar taswira ta QGIS, a auna inda bakin ruwa ya koma. Taswirorin USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, suna nan kyauta a shafinta na intanet, topoView. Sai dai ɗorawar tana son wurin da bai taɓa gusawa ba, ido kuwa kan faɗa kan hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Nan ake tuntuɓe.

Hasumiyar tubalin da ke tsaye yau an gama ta a 1870, tsayinta wajen mita 60, tsakaninta da ruwa a lokacin kimanin mita 460. Teku ya yi ta lasar rairayin har abin da ya rage bai kai mita 40 ba. A 1999 aka ɗaga ta ɗungurungum, aka tura ta kan dogayen ƙarafa mita 880 cikin kwana 23. Wanda ya haɗa ɗigonta na taswirar da da na yanzu ya karkatar da tsibirin duka. Ga kuma tsohuwar hasumiya ta 1803 a nata gurbin, da ta ƙarfe wadda ta riƙe fitilar daga 1936 zuwa 1950. Ku tabbatar wacce aka zana tukuna.

Sai sikeli. A 1:24,000 milimita ɗaya mita 24 ce, kaurin layin fensir kaɗai ya cinye mita goma. Tsohuwar takarda tana ƙanƙancewa, musamman a kan ninki. Tushen awon ma, wato ma'aunin da ake ɗora lambobin wuri a kansa, ya bambanta: tsohon na Amurka, NAD27, da NAD83 da ya biyo shi sun saɓa da gomman mita.

Mu ma haka take. Taswirorinmu na 1:50,000 a kan tushen awo na Minna suke, GPS kuwa a kan na duniya, WGS84, sai an juya ɗaya zuwa ɗaya. Wadda aka zana kafin dam ɗin Kainji na 1968 za ta nuna tsibirin Foge, wanda tafki ya shanye. Ku kafa maki kan dutse ko gada, ba kan bakin Neja ba, ku kuma nemi watan da aka ɗauki hoton sama, don gaɓar rani daban take da ta lokacin cikar ruwa.