Daga dajin Masai Mara zuwa ga mutanena na Legas

Assalamu alaikum jama'ar Agege, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago, musamman iyayenmu na Kara da Abbatuwar Oko-Oba, don zancen nan ku ya fi shafa. Ya kasuwa, ya kuma fama da gosulo?

Kun san aiki ya zaunar da ni a Nairobi, to kwanakin baya wajen aikin namu suka kwashe mu zuwa wani masauki can cikin daji a gefen Masai Mara, yankin Narok, dab da iyakar Tanzaniya. A mota tafiyar awa biyar zuwa shida ce, mu dai ƙaramin jirgi muka hau daga filin Wilson, kaya kada su wuce kilo 15, kuma filin saukar ba kwalta, tsakuwa ce, sai da wata mota ta kori jakunan dawa kafin mu dira.

Ɗakunan duk tanti ne amma da gado da bayi da ruwan zafi, wuta ta sola, ba ƙarar janareta ko ɗaya. Katanga kuwa babu. Da zarar magariba ta yi ba ka isa ka taka waje kai kaɗai ba, sai ka haska tocila wani mai gadi ɗan ƙabilar Masai, makiyayan yankin, ya zo da mashinsa ya raka ka, saboda dorina na fitowa daga ruwa da dare ta yi kiwo har gindin tanti kana jin yadda take fizgar ciyawa. Ga sanyi, wurin tudu ne sosai, alwalar asuba sai ka daure, shi ya sa suke cusa maka gorar ruwan zafi cikin bargo. Maganar nama ku faɗa musu tun kafin ku iso cewa ku Musulmi ne, in ba haka ba a kifi da ganye za ku ƙare.

Namun dawa kam an gani, zaki, giwa, ɓauna, raƙumin dawa, kura har ta gundure mu. Tsakanin Yuli da Oktoba ne waɗannan dabbobin masu kama da shanu da suke kira nyumbu, sama da miliyan ɗaya, ke tasowa daga dajin Serengeti na Tanzaniya su tsallaka kogin Mara kadoji na jiran su. Wannan duk kuna gani a talabijin, ba sai na ja ba.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shanu ne. Muna cikin mota da hantsi sai ga garke ya fi ƙarfin ƙirga, yaro ɗaya sanye da jan mayafi yana bin su da sanda, alhali bai fi tafiyar minti goma ba da inda muka baro zakuna kwance. Na tambayi direba ya aka yi aka bar shanu a nan, ya ce ai ƙasarsu ce, mu ne baƙi. Ashe masaukin ba cikin gandun gwamnati yake ba, filayen makiyaya ne suka haɗa wuri guda suka ba masu masaukai haya, kowane wata kuɗi na shiga hannun mai fili, an yi baƙi ko ba a yi ba. Akwai irin wannan da yawa kewaye da Mara, kamar Naboisho da aka kafa a 2010 da filayen mutum sama da 500. Kiwo kuma ba a hana ba, tsara shi aka yi, wannan ɓangaren yanzu, wancan sai ciyawa ta farfaɗo. Zaki yana kashe saniya har gobe, rigima ba ta ƙare ba, amma mutumin da hayarsa ta dogara da zakin nan zai yi tunani kafin ya zuba masa guba. Wasu ma fitilun sola masu walƙiya suke kewaye garke da su da dare, zaki ya ɗauka mutum ne ke yawo da tocila.

An kai mu ƙauyen Masai ɗin ma. Gidajen mata ne ke ginawa da itace da laka da kashin shanu, an kewaye da ƙaya, shanu a tsakiya. Na shiga ɗaya a sunkuye, duhu da hayaƙi sai da idona ya yi ruwa, ga ɗan maraƙi ɗaure kusa da murhu. Rawar tsallen da samari ke yi da kasuwar duwatsun wuya da aka tare mu da ita a ƙofa, gaskiya wannan don baƙi aka shirya, kuma farashin sai wanda ya iya ciniki. Na fi jin daɗin hirar da na yi da wani dattijo ta bakin tafinta, da na nuna masa hoton farin sa na Bunaji a waya ya riƙe ta ya ƙi saki, yana tambayar nawa ake sayarwa, kwana nawa tirela ke yi daga Arewa zuwa Legas.

Abin da ya ɗan sosa mini rai, Yankari tamu ta Bauchi ta kai murabba'in kilomita 2,244, gandun Mara kuwa wajen 1,510 ne, wato mun fi su fili, ga giwaye ga ruwan ɗumi na Wikki, tun 1962 aka buɗe ta ga masu ziyara. Zan so in ji daga bakinku ku da ke hulɗa da makiyaya kullum, in aka zo musu da irin wannan haya za su yarda kuwa, kuma wa za su amince ya riƙe kuɗin?

Mai sha'awar zuwa ya shirya aljihu, tun 2024 kuɗin shiga gandun kaɗai dala 200 ne a rana ga baƙo daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 a sauran watanni, ban da masauki. Kada kuma a zo da leda, Kenya ta haramta ta tun 2017.

A gaida mutan gida, a gaida 'yan majalisar bakin masallaci.

Naku, ɗan Agege a Nairobi